Birki ko ribas: ta wace hanya ake sakar wa kifi zare?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kornish na Jidda bayan la'asar, ko kan duwatsun Abhur da daddare, ya san ƙarar nan. Makinar naɗin zare ta ɗauki kuka, sanda ta lanƙwashe, mutanen gefe sun ajiye kofin shayi sun miƙe tsaye. A cikin sakan goma na gaba ne ake rabuwa, wani ya koma gida da kifi, wani ya koma da labari. Abin da ke raba su kuwa tambaya ce guda: in kifi ya fi ƙarfin zarenka a wannan ɗan lokaci, ta ina za ka sakar masa?

A makinar da aka fi riƙewa a bakin teku, wato mai bakara (abin da zare ke naɗe a kai) a gaba wadda ke rataye ƙarƙashin sanda, hanya biyu ce. Akwai birki, abin da masu shagunan kayan kamun kifi ke kira dirag. Za ka ɗaure shi daidai wani nauyi, in jan kifi ya zarce wannan nauyi bakarar ta juya da kanta ta saki zare. Akwai kuma ribas: ka buɗe 'yar sakatar nan da ke jikin makina, wadda ke hana mariƙi komawa baya, ka riƙa juya mariƙin baya da hannunka gwargwadon yadda kifi ke ja. Masu ribas suna cewa hannun mutum ya fi washar birki hankali. Masu birki suna cewa hannun mutum bai da saurin kifi. Kowa da gaskiyarsa, sai dai ba a ruwa ɗaya ba, kuma a Bahar Maliya gaskiyar masu birki ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Ba abin mamaki ba ne in 'yan'uwanmu da yawa zuciyarsu ta fi kwanciya da ribas. Wanda ya tashi a gidan masunta, ko a Yawuri ne ko a bakin Nilu wajen Sinnar da Mai Wurno, da zaren hannu ya fara, irin wanda mutanen Hijaz ke kira jalab. A can yatsa ne birki. Kifi ya ja, ka sassauta; ya yi sanyi, ka janyo. Mutumin da ya saba jin numfashin kifi a tafin hannunsa ba ya saurin yarda ya miƙa wannan aiki ga wasu 'yan faifai da bai taɓa gani ba. Ita ma dabarar ribas ɗin daga rashin yarda ta fito. Irin wannan makina mai tsayayyar bakara ɗan Ingila ne ya yi mata rajista a 1905, Alfred Illingworth, mai harkar masaƙa a Bradford, kuma shekaru da yawa bayan nan birkin irin waɗannan makinoni ƙarami ne, mai fizga, ya riƙe ya saki ba tsari. Masu fatsa a koguna da tafkunan Ingila, da siririn zarensu, sai suka ɗaure shi tamau suka koma ba da zare da hannu. A zamaninsu sun yi daidai. Yanzu kayan sun canza, kifin da muke nema ma ba irin nasu ba ne.

Abin da ke cikin bakara

Kwance murfin gaban bakara ka leƙa. Za ka ga washoshi a jere, ɗaya kan ɗaya: na ƙarfe, na laushi, na ƙarfe, na laushi. Na ƙarfen iri biyu ne. Wasu raminsu na tsakiya ba zagayayye ba ne, yana kama sandar ƙarfen da bakara ke zaune a kai, saboda haka ba sa juyawa. Wasu kuma suna da 'yan kunnuwa a gefe da ke shiga jikin bakara, suna juyawa tare da ita. Na laushin da ke tsakani su ke shan gugar. A ƙananan makinoni yawanci na ulu ne da aka jiƙa da mai, a manya kuma na zaren kabon ne da aka saƙa, irin wanda kamfanin Penn ke kira HT-100. In ka murɗa murfin, sifirin ɗin ƙarfe da ke cikinsa ya danne jerin nan, gugar ta ƙaru. Birkin ke nan gaba ɗaya, babu wani siddabaru.

Ƙa'idar da masu wannan harka suka daɗe a kai ita ce a ɗaure birki tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zaren da aka rubuta kilo 10 a kwalinsa, birkinsa kilo 2.5 zuwa 3.3. Mutane da yawa suna jin wannan ya yi kaɗan, suna cewa to sauran kilo 7 ɗin na mene ne? Ga inda suke tafiya.

Ƙulli yana cin nasa rabon, domin zare a wurin ƙulli ya fi rauni, balle ƙullin da aka ja a bushe ba a jiƙa shi da yawu ba. Zoben sanda suna ƙara guga, kuma gwargwadon ɗaga sanda da lanƙwasarta gwargwadon ƙaruwar gugar. Ruwa ma yana jan zaren da ya yi nisa, musamman in kifi ya yanka gefe zaren ya yi ciki. Sai babban abin da ake mantawa: birki yana ƙara ƙarfi da kansa yayin da zare ke raguwa a bakara. Dalili kuwa na lissafi ne. Gugar washoshi ba ta canza ba, amma faɗin naɗin zaren ya ragu, don haka sai an ja da ƙarfi fiye da da kafin bakarar ta juya, kamar mai kwance noti da guntun sifana. In faɗin naɗin ya sauka daga milimita 50 zuwa 35, birkin da ka ɗaure a kilo 3 ya koma kusan kilo 4.3 ba tare da ka taɓa komai ba. Shi ya sa mai ganin zarensa na ƙarewa ya firgita ya ƙara murɗa murfi, shi ne ya tsinke wa kansa zare. A wannan lokacin in ma za a taɓa murfin, sassautawa ake yi.

Kada ka auna birki da jan zare daga bakin makina da hannu. Hannu yana ƙarya, zaren siliki kuma, wanda ake kira harir a shago, yana yanka yatsa kamar reza. Zura zaren ta dukkan zoben sanda, ka ɗaura shi a sikelin rataye, wani ya riƙe, kai kuma ka ja da baya da sanda a karkace kamar kana faɗa da kifi. In babu sikeli, gorar ruwa ta isa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, gora biyu masu lita ɗaya da rabi a cikin leda kilo 3 ke nan. Ɗaga a hankali, sanda a rabin tsayi, kada ka miƙe ta sama. Daidai lokacin da ledar ke shirin barin ƙasa zaren ya fara zamewa, to ka samu. Ja zaren sau uku ko huɗu kafin awon ƙarshe don washoshi su ɗan yi ɗumi, sannan ka sa ɗigon jan farce a murfi da gefen bakara, ka san wurin komawa ko da duhu.

Lura da yadda zamewar ta fara. Birki mai lafiya yana sakin zare sumul, kan sanda ya tsaya cak a lanƙwasarsa. Mai ciwo kuwa sai ya maƙale, ya fizge, ya sake maƙalewa, ka ga kan sanda na rawa. Wannan maƙalewar farko ita ce ke kashe zare, domin ƙarfin da ake buƙata kafin washa ta fara motsi ya fi wanda ake buƙata bayan ta fara, kuma in washar ta bushe ko gishiri ya shige ta, tazarar tana da yawa. Kifi kuwa a bugun farko ya fi ƙarfi.

Lissafin da ke kayar da ribas

Ɗauki makina mai lamba 4000 da giya 6.2:1 (wato duk juyi ɗaya na mariƙi zare ya zagaya bakara sau shida da ɗoriya), wadda ta cika shagunan Jidda. Juyi ɗaya na mariƙi yana naɗe zare kusan mita ɗaya. Haka nan in ka juya baya, juyi ɗaya mita ɗaya yake saki. Hannun da ke riƙe da nauyi, yana kuma son ya sarrafa abin da yake yi, juyi biyu yake iyawa a sakan, in ya matsa uku. Ke nan iyakar ribas mita biyu zuwa uku ce a sakan.

To bayad fa? (Bayad ɗin Jidda, mai faffaɗan jiki da wutsiya kamar almakashi, ba shi ne na Nilu mai gashin baki ba, suna ne kawai ya zo ɗaya, kuma mutanen Sudan sukan ruɗe da wannan a farkon zuwa.) Shi da agam mai haƙora da dirak, in suka ji ƙugiya, mita biyar a sakan ba komai ba ne a wurinsu, kilomita 18 ne kacal a awa. Sai ka juya mariƙi baya sau biyar a sakan kafin ka yi daidai da shi. Ba mai iyawa. Abu biyu ne zai faru. Ko ka riƙe mariƙin gam, zare ya tsinke in ka ɗaure birki tamau kamar yadda masu ribas na asali ke yi. Ko kuma mariƙin ya kuɓuce maka, ya yi ta wulwulawa kamar farfela yana dukan gaɓoɓin yatsunka, rota, wato ɓangaren da ke zagaya bakara yana naɗa zare, ta ɗauki gudun da ya fi na kifin, zare ya zubo lanƙaya-lanƙaya ya naɗe a ƙarƙashin bakara. Kifi ya sake ja, zaren ya tsuke a cikin tarkacen, tas. Ko da bai tsinke ba, sakin da zaren ya yi na rabin sakan ya isa ƙugiya ta fita daga bakin da ta riga ta yi wa rami.

Akwai wani lissafin kuma da hannu ke ji amma ba a cika faɗa ba. Tsawon mariƙin irin wannan makina bai wuce santimita 5.5 zuwa 6 ba, hannunka yana zagaya kusan santimita 35 a juyi ɗaya, alhali zare yana tafiyar santimita 100. Giyar da ke ba ka saurin naɗi ita ce ke juyowa kanka: duk kilo ɗaya a kan zare kusan kilo uku ne a kan yatsunka. Jan kilo 3 ya zama fiye da kilo 8 a ɗan ƙwallon mariƙi da yatsa biyu ko uku ke riƙe da shi, ga santsin koto, ga gumi. Kuma duk wannan nauyi ta haƙoran giya yake bi. Da sakata a rufe, beyarin da ke hana komawa baya shi ke ɗaukar kayan, giya na hutawa.

Kamfanonin ma sun yanke hukuncinsu. Duba manyan makinonin teku irin su Saragosa da Stella SW na Shimano ko Saltiga ta Daiwa, babu sakatar baya sam. Ramin sakata ƙofa ce ga ruwan gishiri, kuma wanda ke neman kifin da aka ƙera su dominsa ba zai yi ribas ba. Ko a matsakaitan makinoni sababbin fitowa da yawa an cire ta. Makinar kwale-kwale mai bakara a kwance kan sanda, ko mai birkin tauraro ko mai birkin liba, ita dama wannan muhawara ba ta shafe ta ba.

Inda masu ribas suka fi gaskiya

Maganar murɗewar zare. Nan kam ba a yi musu gardama. Duk lokacin da rota ta zagaya ta naɗa zare a bakara, tana sa masa murɗa ɗaya. In ka yi jifa, zaren ya fita ta bakin bakara, murɗar ta warware, an yi canjaras. In ka yi ribas, rota ta koma ta hanyar da ta zo, ta warware abin da ta murɗa, nan ma canjaras. Amma in birki ne ya saki, bakara ce ta juya, zaren ya fita da murɗarsa, sannan da ka naɗo shi ka ƙara masa wata. Zagayen bakarar 4000 kusan santimita 16 ne, don haka kifin da ya ja mita 30 ya bar maka murɗa kusan 190. Zaren nailan ba ya mantuwa. Bayan kifi biyu ko uku za ka ga in ya saki yana nannaɗe kansa kamar igiyar da aka tufka, ya kama kan sanda, ya fito da ƙulli a jifa.

Sai dai mafi yawan murɗar da ake ɗora wa birki laifinta, mai sandan ne ya jawo ta. Kifi na gudu, birki na kuka, shi kuma yana ta juya mariƙi gaba don firgita. Ko taku ɗaya na zare bai shigo ba, amma kowane juyi ya zuba murɗa shida a wuri ɗaya. Juyi ashirin, murɗa sama da 120. In makina na kuka, hannu ya tsaya. Riƙe sanda a lanƙwashe ka bar kifi ya biya kuɗin gudunsa. Da ya tsaya, ɗaga sanda a hankali ba tare da naɗi ba, sannan ka sauke ta kana naɗe abin da ka samu, zare bai saki ba ko kaɗan. Sanda ke jan kifi, makina ajiyar zare take yi. Murɗar da ta rage kuma tana da magani: cire komai daga bakin zare, ka sake shi mita 50 a bayan kwale-kwale mai tafiya a hankali na 'yan mintuna, ko ka shimfiɗa shi a fili ka naɗo ta tsakanin yatsu biyu da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Wuri na biyu shi ne ƙaramin kifi a kan siririn zare. Mai neman arabi ko sijan a kwantaccen ruwa, da nailan na kilo 2 ko 3 da ƙugiya ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, kashi ɗaya cikin uku na zarensa bai kai kilo ɗaya ba. A wannan ɗan nauyi, birkin makina mai araha ba ya da tabbas, bambancin riƙewa da sakinsa yana da yawa. Kifin kuma gudunsa gajere ne, mita uku ko huɗu ya juyo. A nan hannu ya fi, musamman a ƙarshen faɗa, lokacin da kifi ya zo ƙarƙashin sanda. Nailan yana miƙewa sosai, shi ke shanye fizga, amma in zaren da ke waje bai wuce mita uku ba, miƙewar 'yar kaɗan ce. Kifi ya hango mutum ko raga ya yi nutso na ƙarshe, juyi biyu na baya sun cece ka.

In za ka yi, ga yadda ake yi. Buɗe sakata tun kafin jifa, kada ka tsaya lalubenta kifi na ja. Hannu ba ya barin mariƙi ko na ƙiftawar ido. Ba kai ke tura mariƙin baya ba, kifi ke jan sa kai kana tirjewa, kamar mai sauke guga cike da ruwa cikin rijiya. Lanƙwasar sanda ce ma'auninka: ta ƙaru, ba da juyi, ta fara miƙewa, tsaya ko ka naɗo. Yatsan manuni na hannun da ke riƙe da sanda ya zauna kusa da rota, a shirye ya taɓa ta in ta so wuce gona da iri. Lokacin ɗaukar raga, in kai kaɗai ne, mayar da sakata tukuna, domin hannun mariƙi ne zai tafi wurin ragar.

Abin da ba mu yarda da shi ba a tsarin masu ribas na da shi ne ɗaure birki har ƙarshe. Babu dalilinsa yau. Ko sakata a buɗe take, muddin hannunka na riƙe da mariƙi birki yana aikinsa. Bar shi a kashi ɗaya cikin uku. In ƙaton bayad ya ɗauki koton da ka jefa wa sijan, abin da teku ta saba yi, sai ka daina juyi ka riƙe mariƙin kawai, bakara ta karɓi aikin. Amfanin ribas bai ragu da komai ba, ga kuma mai tsaron baya.

Ga mai birki zalla ma akwai hanyar shigar da hannu cikin lamarin, kuma ta fi murɗa murfi a tsakiyar faɗa. In kana son ƙarin nauyi na ɗan lokaci, ɗora yatsa ko tafin hannu a gefen bakara, gefenta ba kan zaren ba. Ka danna, nauyi ya ƙaru. Ka ɗaga, ya koma inda ka auna. Yatsan mai jalab ke nan ya dawo, sai dai yanzu akwai washa a bayansa.

Murjani ba ya jiran kowa

Duk bayanin da ya gabata na kifin fili ne. Gaɓar Jidda, da Suwal da Rabig ta arewa, da Shu'aiba da Lis ta kudu, kusan duk dutsen murjani ne, kuma kifin da ya fi tsada a Bangala, kasuwar kifi ta Jidda, a cikinsa yake kwana. Najil da kushar ba masu dogon gudu ba ne. Suna fitowa daga rami su cafki koto su juya, tafiyar mita biyu ko uku. In suka shiga suka buɗe marfin kunnuwansu suka tokare, an gama, zare kuma yana goga dutse mai kaifin fasasshen kwalba. Shu'ur babba ma hanyar dutsen yake nufa. (Najil yana da lokacin da hukuma ke hana kama shi saboda hayayyafa, a tambaya kafin a fita.)

A nan tambayar ta canza, domin ba a son sakin zare ta kowace hanya. Mai ribas ya ba da juyi biyu, ya raka kifi har ƙofar ɗakinsa. Mai sakakken birki ma haka. Maganin daga kayan yake farawa: siliki mai kauri, kilo 25 ko fiye, da zaren gaba na nailan ko fulorokabon da ya fi shi kauri, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu don jure guga, sannan birki a sama da yadda aka saba, har kusan rabin ƙarfin zare in ƙullinka abin dogaro ne kuma sandar za ta ɗauka. Sakan uku na farko su ne faɗan duka. Sanda a ƙasa-ƙasa, ƙarfin ya fito daga gindinta, tafin hannu a gefen bakara, ka ja da baya da ƙafa in wurin tsayuwarka ya ba da dama. Miƙe sanda sama tsaye da irin wannan nauyi karya kanta ne. Da ka raba shi da ƙasa mita uku ko huɗu, ɗaga hannu daga bakara, sauran aikin na haƙuri ne. In kuwa ya riga ka shiga rami, daina ja. Buɗe bakan makina, wato lanƙwasasshiyar wayar nan da ke tare zare, saki zaren gaba ɗaya, ka jira minti biyu ko uku. Sau da yawa in ya ji babu mai jan sa yakan fito, ka samu dama ta biyu.

Ka sani cewa siliki kusan ba ya miƙewa, don haka duk fizgar kifi kai tsaye take isa ƙulli da ƙugiya. Wannan ya ƙara kashe ribas: jinkirin da nailan ke rufa wa hannu asiri, siliki ba ya rufawa. Kuma siliki yana da wata cuta da ke kama da lalacewar birki. In an naɗa shi kai tsaye a kan santsin bakara, duk naɗin yakan juya a dunƙule, ka ɗaure murfi har ƙarshe amma zare na fita. Sa alama da biro a kan zaren da gefen bakara ka ja. In alamomin suka rabu, ba birki ba ne. Warware, ka fara da mita goma na nailan ko zagaye biyu na salatif, sannan ka naɗa silikin da ƙarfi. Wanda aka naɗa sako-sako yakan nutse cikin kansa in an ja da nauyi, ya maƙale a gudu na gaba.

Da yake zafi na sa yawancin mutane fita da daddare, ga wani abu. Sandar da aka kafa a tsakanin duwatsu aka koma kan tabarma, in birkinta a ɗaure yake, kifi ɗaya zai tafi da ita teku gaba ɗaya. In kuma sakata ce a buɗe, za ka taso ka tarar da sheƙar zare. Sassauta birki sosai yadda zai yi kuka da ɗan ja, in ka ɗauki sanda ka dafe bakara da hannu, ka mayar da murfi kan ɗigon jan farcen nan. Makinoni masu birki biyu irin Baitrunner don wannan aka yi su: ƙaramin birki na jira, juyi ɗaya na mariƙi ya mayar da babba.

Gishiri da zafi

Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita, kuma galibin birkin da ke fizga a Jidda gishiri ne ya bushe a cikinsa. Bayan kowace fita, ɗaure murfin birki tukuna don kada ruwa ya shiga, ka yayyafa ruwan daɗi a hankali, ban da tiyo mai ƙarfi da ke tura gishiri ciki, ban da tsoma makina a bokiti. Goge, ka bar ta ta sha iska a inuwa, sannan ka kwance murfin har ya saki. Birkin da aka ajiye a ɗaure wata guda, washar ulu ta zama kamar takarda, ba ta komawa. But ɗin mota da rana a wannan gari tanderu ne, yana narkar da giris yana gasa nailan.

Taɓa 'yar rolar da zare ke bi ta kanta a jikin bakan makina. In ba ta juyawa da ɗan tsinke, gishiri ya kama ta, kuma duk zaren da birki ya saki a kanta yake gurzuwa yana zafi. Ɗigon mai ɗaya ya isa.

Sau ɗaya ko biyu a shekara buɗe jerin washoshin. Shimfiɗa farin tawul. Akwai ɗan zoben waya da ke riƙe su, mai tsalle ne, cire shi da bakarar a cikin leda in ba haka ba sai dai ka neme shi a ƙarƙashin firij. Ɗauki hoto da waya, ka jera su a tawul yadda suka fito, daga hagu zuwa dama. Goge na ƙarfen har su yi ƙyalli. Wadda ta yi tsatsa ko ta lanƙwashe a canza ta. Na kabon a goge baƙin da ke jikinsu, a shafa musu giris na birki, irin su Cal's, shafa ɗaya siririya yadda saƙar za ta riƙa bayyana. Man inji da feshin kwance tsatsa ba su da wuri a nan, suna sa birki ya zame yau ya maƙale gobe. Na ulu in sun yi baƙi sun daskare, maye gurbinsu da na kabon masu faɗi da kauri ɗaya. Mayar da komai bisa hoton, ka tabbata kunnuwan washa sun zauna a gurbinsu, sannan ka koma wurin gorar ruwa ka sake awo, domin ɗigon jan farcen da ka sa a da ya tashi aiki.